Wane suna za mu ba talabijin ɗin dijital da ake kamawa da eriya?

Assalamu alaikum. Abin da ya sa na tayar da wannan magana shi ne wata jimla da wani ɗalibina ya fassara a makon jiya, inda ya ci karo da abin da Turawa suke kira "digital terrestrial television", suke kuma taƙaitawa da haruffan DTT, sai ya rubuta "talabijin na zamani na ƙasa". Na kai jimlar gida Tudun Wada na karanta wa baffana, wanda ya fi shekara hamsin bai rabu da sauraron labarai ba, na tambaye shi abin da ya fahimta, sai ya ce ai NTA ce ta sayo sababbin kayan aiki. Baffa bai yi kuskure ba, domin abin da jimlar ta faɗa ke nan a kunnen Bahaushe, amma ba shi ne abin da aka nufa ba.

Abin da aka nufa shi ne tsarin da gidan watsa shirye-shirye yake mayar da hoto da sauti su zama lambobi, ya matse su, ya aika da su ta iska daga na'urar da ke bisa wani dogon ƙarfe da aka kafa a kusa da gari, sannan mai kallo ya kama su da eriyar da ya ɗaura a kan rufin ɗakinsa. Babu faranti, wato dish, babu tauraron ɗan adam a tsakanin ƙarfen da gidan mai kallo. Wannan ne tsarin da ƙasashen yankinmu suka amince a 2006, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za su koma kansa zuwa 17 ga Yunin 2015. A Najeriya an fara gwajinsa a hukumance a Jos a watan Afrilun 2016, aka bi da Abuja a Disambar wannan shekara, Kaduna ta samu nata a ƙarshen 2017, Kano kuma a 2021. Tun kafin nan StarTimes da GOtv sun riga sun saba wa mutane da dikoda mai eriya. Ke nan abin ya daɗe a cikin gidajenmu, suna ne kawai bai samu ba.

Kalmar "dijital" ba ta ba ni wahala ba, kuma ina ganin a bar ta yadda baki ya riga ya karɓe ta. "Na zamani" ba ta nuna komai, domin talabijin mai launi ma na zamani ne a ranar da ya shigo, kuma duk abin da aka kira na zamani yau sai an sake masa suna gobe. "Na lambobi" ta fi kusa da gaskiyar aikin, sai dai lamba a wurinmu ta mota ce, ta waya ce, ta yabo ce, kuma wanda ya ji "talabijin na lambobi" zai fara tunanin maɓallan rimot.

Inda gizo yake saƙa shi ne kalmar "terrestrial", wadda asalinta daga sunan ƙasa ne a Latin. Matsalarmu ita ce "ƙasa" tana ɗauke da kaya da yawa: ita ce turɓayar da muke takawa, ita ce kishiyar sama, ita ce kuma Najeriya ko Nijar. Tun da aka kafa NTA a 1977 muke cewa "gidan talabijin na ƙasa", saboda haka gurbin ya riga ya cika, duk wanda ya zo daga baya sai dai ya nemi wani wurin zama.

Wani malaminmu na Samaru ya aiko mini da ja, kuma jan nasa yana da nauyi. Allah ya gafarta Malam, ka ce ai muna da jirgin ƙasa da jirgin sama, muna da sojan ƙasa da sojan sama, ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ba, don me talabijin ba zai bi sahu ba. Amsata ita ce, jirgin ƙasa a kan ƙasa yake tafiya, sojan ƙasa kuma da ƙafarsa yake taka ta, amma siginar da muke magana a kanta ba ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya, ta iska take bi daga kan ƙarfe zuwa kan rufi. Idan muka ce "na ƙasa" a kan wannan ma'ana, wanda bai ɗauka NTA ake nufi ba zai ɗauka wayar da aka binne ce take kawo hoton, alhali wancan wani tsari ne dabam. "Na doron ƙasa" ta fi tsabta, amma mun saba jin ta a jimla irin ta "babu kamarsa a doron ƙasa", sai ta ja hankali zuwa ga duniya baki ɗaya, wanda shi ne akasin abin da muke so, tun da dukan sirrin wannan tsari shi ne kusanci. "Na tudu" kuwa kishiyar ruwa ce, ba kishiyar sama ba.

Na je Sabon Gari wajen masu sayar da kayan lantarki don in ji yadda suke rarrabewa, sai na tarar ba su da wata damuwa ko kaɗan. Idan mai saye ya ce yana son dikoda, tambaya ɗaya ake yi masa: na eriya ko na dish? Wannan rabo daidai yake, kuma babu wanda ya isa ya ƙwace shi daga bakin kasuwa. Shi ya kuma nuna cewa "na dikoda" ba za ta yi ba, domin kowane ɓangare yana da dikodarsa, ga shi kuma wasu sababbin akwatunan talabijin suna zuwa da na'urar kama siginar dijital ta eriya, wadda ake kira DVB-T2, a cikinsu. Sai dai eriya da dish sunayen abin da ke gidan mai kallo ne, ba sunayen inda saƙon ya fito ba. A rubuce mun riga mun samu sunan tushen ɗaya ɓangaren, muna cewa talabijin na tauraron ɗan adam. Abin da ya rage shi ne abokin tafiyarsa.

Shawarata ita ce "turke". Ba ni na fara ɗora ta a kan dogon ƙarfe ba, domin 'yan jarida sun daɗe suna cewa "turakun sadarwa" idan suna nufin abin da mutanen gari suke kira ƙarfen sabis. Amma abin da ya sa ta kwanta mini a rai ya wuce sabo. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san cewa dabbar da aka ɗaure a turke ba ta cin ciyawa sai iya inda igiyarta ta kai, kuma kewayen da take zagayawa yana da iyaka da ake gani a ƙasa. Haka wannan talabijin yake. Zangon UHF da ake watsa shi a kai kusan a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar duniya yadda gajeren zango yake tsallaka ƙasashe da dare, don haka tsawon turken, da ƙarfin na'urar da ke kansa, da tsayin sandar eriyar mai kallo, da abin da ya gitta a tsakani, su ne tsawon igiyar. Tsakanin Kaduna da Zariya kimanin kilomita 80 ne, kuma wannan tazara ta isa ta sa mutum ya damu da wane turke ne ya fi kusa da shi. Gidan da dutsen Kufena ko wani dogon bene ya shiga tsakaninsa da turke zai iya rasa tashar da maƙwabcinsa na bayan layi yake kallo lafiya lau. Tauraron ɗan adam kuwa yana can kusan kilomita 36,000 a sama, faranti ɗaya a Wusasa da wani a Maraɗi duk shi suke fuskanta, ba ruwansa da igiya, nasa ciwon shi ne hadari mai nauyi.

Kalmar tana kuma koyar da gyara ba tare da dogon bayani ba. A tsohon tsari, idan mutum ya yi nisa, hoto yakan yi dishi-dishi amma a daure a kalla haka nan. A dijital babu wannan sassauci: hoto yana nan tangaram har zuwa bakin iyaka, daga nan sai ya riƙa daskarewa yana farfashewa gida-gida, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Idan aka ce wa mutum talabijin ɗinsa na turke ne, ya san abin yi shi ne ya ɗaga eriya ya juya ta ta fuskanci turken, ba ya tsaya yana dukan dikoda ba. Magabatanmu da suka ɗauko "zango" daga bakin fatake suka ba rediyo irin wannan aiki suka yi, har yau kuma ba wanda yake jin gajeren zango a matsayin baƙuwar magana.

Wata Hajiya da ta yi aikin rediyo ta ce turke gajere ne, ba ya wuce gwiwa, me zai hana a ce hasumiya. Hajiya, ranki ya daɗe, na duba wannan, amma hasumiya gini ce, kuma da zarar an ambace ta hankali yakan tafi masallaci ko Gobarau ta Katsina, ga shi ba ta ɗauke da ma'anar iyaka. Game da tsoron da kika nuna na cewa za a rikita shi da turken wayar salula ko na rediyon FM, ina ganin kalmar talabijin da ke gaba ta riga ta raba gardama, kuma dukansu ukun dangi ne a wajen aiki, kowanne yana da kewayen da ba ya wucewa.

Akwai wata kalma da za ta biyo baya, na ajiye ta a gefe don kada zance ya rabu biyu. Gurbin zangon da a da tasha ɗaya take cinyewa ita kaɗai, yanzu yana ɗaukar tashoshi fiye da goma a ɗaure wuri guda, kuma ni "damin tashoshi" nake kiransa a aji.

Inda na tsaya ke nan. A rubutu da labarai a ce "talabijin ɗin dijital na turke", a taƙaice "dijital na turke", kishiyarsa "dijital na tauraro". A kasuwa a ci gaba da "na eriya" da "na dish", sai dai a kiyaye kada a gauraya layukan biyu, turke da tauraro suke tafiya, eriya da dish. Na sake rubuta jimlar ɗalibin kamar haka: "Mazauna Zariya da kewaye za su iya kama talabijin ɗin dijital na turke da eriya, muddin suna cikin kewayen turken da ya fi kusa da su." Na karanta wa baffa jiya bayan la'asar, bai tambaye ni ma'anar komai ba, sai dai ya ce in gaya masa ta wace kusurwa turken yake, don ya sa yara su juya eriyar.