Irin itatuwanmu na gida: yaya ake adana shi kada ya mutu?

Malamin firamare, ƙasar Giwa:
Assalamu alaikum. Gonar da mahaifinmu ya bar mana, da na tashi akwai ɗorawa bakwai, kaɗanya huɗu da gawo biyu a cikinta. Yau saura ɗorawa biyu da kaɗanya ɗaya, masu gawayi sun gama da sauran. Bara na ce bari in tara iri in raina da ɗalibaina a bayan aji. Na tsinci ƙwallon kaɗanya da damina, na shanya shi ya bushe ƙayau, na zuba a kwalba. Da ruwa ya sauka bana na shuka, ko ɗaya bai fito ba. Na gawo kuwa duk ƙwari sun huda shi. Ina na yi kuskure? Abin ya tsaya mini a rai.

Mai man kaɗe, Kontagora:
Wa alaikumus salam. Malam, shanyar ce ta kashe shi. Mu da ke shanya ƙwallo, mai muke nema, ba tsiro ba. Kaɗanya ba ta son ajiya sam. Ka tsinci wanda ya faɗo da kansa, ka cire naman, ka binne shi cikin kwanakin nan, a inda kake so ta zauna. Kuma kada ka yi saurin cire rai: saiwa take fara yi a ƙasa, sai an jima ganye ya leƙo. 'Ya'ya kam sai bayan shekara 15 zuwa 20. Ɗaliban naka ne za su sha, in Allah ya yarda.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Katsina:
Gaskiya Hajiya mai man kaɗe ta faɗa. Iri kashi biyu ne: mai jure bushewa da wanda bushewa ke kashewa. Kalwa, gawo, kuka, tsamiya, bagaruwa da kirya duk masu jurewa ne. Ka ɗebo kwanson gawo daga bisa da rani idan ya nuna, domin na ƙasa ƙwari sun riga ka. Ka ɓare da wuri, ka watsar da mai huda, ka shanya a inuwa mai iska, ban da kan kwano. Sannan ka cuɗe shi da toka, ka rufe a kwalbar da iska ba ta shiga, ka ajiye a ɗaki mafi sanyi. Damshi da zafi su ne maƙiya. Shi ya sa babbar ma'ajiyar irin tsirran daji ta Kew a Ingila, wadda aka buɗe a 2000, take busar da iri sannan ta ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.

Wani abin da mutane ke mantawa: kada ka tara daga uwa ɗaya don ita ce kusa da gida. Ka zaga bishiyoyi talatin ko fiye, masu nisa da juna, kuma kada ka ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin biyar na 'ya'yan kowace. Ka rubuta suna, wuri da wata a jikin kwalba.

Ranar shuka, ɓawon gawo da kuka tauri ne da shi. Ka ɗan kankare gefe da wuƙa ko ka goga a dutse, ka jiƙa ya kwana. Ba ka lura gawo ya fi fitowa inda awaki suka yi kashi ba?

Manomi daga Maradi:
Malam, kafin ka wahala da kwalba, duba kututturan da masu gawayi suka bari. Da yawa suna da rai. Ka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran, ka kare su daga dabbobi. Mu nan sassaben zamani muke ce masa, da shi gonakinmu suka sake yin itace.

Malamin firamare, ƙasar Giwa:
Allah ya saka da alheri. Na je gonar da yamma, kututturan ɗorawa uku sun yi tofo, na kewaye su da ƙaya. Baba na Katsina, tokar kara ta isa, ko sai ta itace?