Shekara biyu na sana'ar POS, in saka a CV ko in bar gurbin?

Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, abin nan ya ishe ni. Na gama bautar ƙasa a 2022, digirina a fannin akanta ne, daga nan aiki bai samu ba sai na buɗe rumfar POS a unguwarmu, ita nake riƙe da ita har yanzu. Tun bayan ƙaramar sallah nake ta tura takardun neman aiki, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, ko sau ɗaya ba a kira ni intabiyu ba.

CV ɗin farko a shagon kwamfuta aka buga min, shafi huɗu, har da firamare da addini da ƙaramar hukuma da hoton fasfo. Wani yayana ya ce yayi yawa, na rage ya koma shafi biyu, na maida shi PDF, wasiƙar neman aikin ma na daina kwafo iri ɗaya, kowacce da sunan muƙamin da aka tallata. Shiru dai kake ji.

Inda na maƙale shi ne wajen gogewar aiki. In na cire POS sai a ga ba komai daga 2022 zuwa yau kamar zaman kashe wando na yi, in kuma na rubuta sai in ga kamar raina ni za a yi, alhali kullum ni ke rufe lissafi da daddare, ina da littafin shiga da fita, har yaro ɗaya nake biya albashi.

To in saka ta, kuma da wane suna zan kira aikin? Nagode.