Wai me sojan kundumbala ke yi in ba a yaƙi?

Baban Khalifa: Jama'a a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Soja in ba yaƙi ake ba, zaman kashe wando kawai yake yi. Balle waɗannan sojan ruwan Amurka da ake ce wa marin, kullum sai hotonsu a kan jirgi suna ɗaga ƙarfe, wata ya ƙare albashi ya faɗo. Mai ja ya fito.

Abu Sumayya: Malam, gyara kalmarka tukuna. Marin ba sojan ruwa ba ne. Sojan ruwa shi ke tuƙa jirgin, ya kula da inji da na'urar hango abokan gaba. Marin fasinja ne, aikinsa na farawa ne in an kai gaɓa ya dira ya kama ƙasa. Shi ya sa 'yan jarida ke ce musu sojan kundumbala.

Kawu Sale: Fasinja kuma? Rundunar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sojan Ruwa, sakatare ɗaya ke kansu. Ko mai ɗaure rauni a fagen daga ba su da nasu, sojan ruwa ke ba su, haka malaman addini. Wanda a gidanka yake ci yake kwana ai ɗan gida ne.

Abu Sumayya: Kawu, ma'aikata ɗaya, runduna biyu. Kowacce da babban hafsanta. Dubi muƙamai ma: marin na da kofur, saje, manjo, kanar, janar, irin na sojan ƙasa. Kyaftin a marin ƙaramin hafsa ne mai riƙe da kamfanin sojoji ɗaya, kyaftin a ruwa kuwa daidai yake da kanar. Kurtun marin sati 13 yake yi a Tsibirin Parris ko San Diego, ya rufe da gwajin awa 54 na tafiya da kaya, barci kaɗan, abinci kaɗan. Kurtun ruwa ba ya taka can.

Yaya Babba: Ku duka kun kauce. Ita kundumbalar ce ma kuskure. Kundumbala ai shiga ce ta a mutu ko a yi rai, ta dace da 'yan tsirarun dakaru na musamman. Marin kusan 170,000 ne, a cikinsu akwai makanikai, akawu, direbobi, masu dafa abinci, matuƙa jirgin sama. Kuku ne ɗan kundumbala?

Abu Sumayya: Shi ma kukun duk shekara sai ya je filin harbi an auna shi, har daga nisan yadi 500. Kuma sau biyu a shekara ake gwada ƙarfin jikinsa. Na farkon shekara: gudun mil 3 da jan jiki a sandar ƙarfe. Na ƙarshenta: gudun yadi 880 da takalmin soja, ɗaga akwatin harsashi mai nauyin fam 30 sama da kai har minti 2, sannan rarrafe da ɗaukar ɗan'uwa a kafaɗa. Wanda ya faɗi, ƙarin girmansa ya tsaya.

Kawu Sale: Sojan ƙasa ma suna yin irin wannan ba tare da surutu ba. Marin dai sun fi kowa iya talla.

Maman Iman: Don Allah ku bar sunan, mutum tambayar aiki ya yi. Ana haɗa ayari na marin kusan 2,200 a jirage 3, da jiragen sama da motocinsu da guzurin kwana 15. Kafin su tashi sai sun yi wajen wata 6 suna atisaye tare da ma'aikatan jirgin: lodi, saukar dare, kwashe farar hula. Sannan wata 6 zuwa 7 a teku suna jiran ko-ta-kwana. Irinsu ne suka kwashe mutum 281 daga ofishin jakadancin Amurka a Mogadishu a Janairun 1991. A shekarar dai, wasu na hanyar komawa gida daga yaƙin Tekun Fasha aka karkatar da su Bangaladash bayan guguwa, suna kai abinci da ruwan sha da helikwafta. Su ne kuma ke gadin cikin ofisoshin jakadancin ƙasarsu.

Yaya Babba: Hajiya ta zo da magana, amma ta tsallake abin da ya fi cin lokaci: gyara. Gishirin teku ba ya barin ƙarfe. Motar da ta shiga ruwan gishiri sai an wanke ta da ruwan daɗi, a duba robobin ƙofa, a sake giris. Wadda aka ajiye ba a tayarwa ma lalacewa take: batir ya mutu, roba ta bushe ta tsage, ruwa ya taru a tankin dizal ya toshe matatar mai. Bindiga kuwa a kwance ta, a kankare baƙin hayaƙin da ya daskare, a shafa mai kaɗan, don in ya yi yawa ƙura yake kamawa ta cije. Ranar 30 ga Yulin 2020, wata motar sulke mai iyo ta nutse a atisaye kusa da Tsibirin San Clemente a Kalifoniya, mutum 9 suka rasu. Bincike ya ɗora laifin a kan rashin gyara da ƙarancin horo: ruwa na shiga ta wuraren da ke yoyo, giyar motar ta mutu, famfon kwashe ruwa ya kasa, aka kuma yi jinkirin fitar da mutane. Ba wanda ya harba musu ko harsashi ɗaya.

Kawu Sale: Kuma 8 ne marin, ɗaya sojan ruwa. Kun ga tare suke mutuwa. Magana ta ta fito.

Abu Sumayya: Haba Kawu! An lissafa su daban, 8 da 1. Ai ni ka ƙarfafa.

Ɗan Gwagwarmaya: Kuna ta yabon Amurka. Wane zaman lafiya? Ku tambayi mutanen Okinawa, tsibirin Japan da marin ke da sansanoni. Tun 1996 aka yi yarjejeniyar mayar musu da sansanin Futenma da ke tsakiyar gari, har yau jirage na tashi a kan makarantu. Wannan atisaye ne ko mamaya?

Maman Iman: Ɗan'uwa, bayani ake yi, ba yabo ba. A 2011 daga Okinawan suka tafi agajin girgizar ƙasar Japan.

Ɗan Gwagwarmaya: Da ma haka ake rufe baki.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya ce min ba su zama ba.

Abu Sumayya (shugaban zaure): To, za a rufe. Abin da aka cimma: marin ba sojan ruwa ba ne, sunansu sojan kundumbala, kuma kowa ya gamsu in ban da mutum ɗaya. Hajiya da Yaya sun ƙara bayani kan atisaye da gyara, mun gode. Batun Okinawa ba muhallinsa ba ne.

Yaya Babba: Ranka ya daɗe, a cire ni daga kowan nan. Ni ne fa na ce kundumbalar kuskure ce.