Yaya ake koyar da tarihin tsofaffin daulolin duniya a ƙaramar sakandare ba tare da ya koma hadda ba?

Sabuwar malama ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. A wannan zangon ne aka ba ni darasin tarihin tsofaffin daulolin duniya a ƙaramar sakandare, inda yaran 'yan shekara 12 zuwa 13 ne, kuma manhajar ta jero mini Mesofotamiya (yankin Iraƙi ta yau) da Masar da kwarin Indus da Sin da Girka da Rum a cikin makonnin da ba su taka kara sun karya ba. Mako uku ke nan ina cika allo da sunaye da shekaru, su kuma suna kwafa, amma da na yi musu gwaji sai na tarar da yawancinsu sun ɗauka shekarar 500 kafin haihuwar Annabi Isa ta riga shekarar 1750 zuwa, domin a ganinsu ƙaramin adadi shi ne na farko. Ga kuma matsalar ladabin aji: in na buɗe tattaunawa sai surutu ya hana kowa jin kowa, in na hana kuma sai su yi tsit kamar ruwa ya ci su. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a harkar su ba ni shawara a kan yadda zan tsara darasin, da kuma irin ƙa'idojin da ya kamata in kafa musu.

Tsohon malamin tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kuskuren da yaranki suka yi ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, domin duk rayuwarsu lissafi gaba yake tafiya, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu inda yake tafiya da baya. Shekara da shekaru ina maganin wannan da igiya. Ki sami igiya mai tsawon mita 6 da 'yan kai, ki ɗaura ta a jikin bangon aji, ki ce kowace santimita ɗaya shekara 10 ce. Ki yi ƙulli a mita ta 4 daga hagu, wanda shi ne farkon lissafin miladiyya, sannan ki bari yaran da kansu su auna su rataya katunan. Rubutun farko na birnin Uruk da ke Mesofotamiya, wajen shekarar 3200 kafin miladiyya, zai faɗa can kusa da ƙarshen hagu. Babbar dalar Giza ta Fir'auna Khufu, wajen 2560, tana santimita 256 kafin ƙullin, ita kuwa Kiliyofatra, sarauniyar Masar wadda ta rasu a shekarar 30 kafin miladiyya, santimita 3 kacal ke tsakaninta da shi. A nan ne ajin yake yin shiru na gaskiya, domin yaro zai gani da idonsa cewa tazarar da ke tsakanin Kiliyofatra da mu ba ta kai wadda ke tsakaninta da masu ginin dalar ba. Daga nan sai ki sa kowa ya auna shekarunsa a kan igiyar, ya ga ba su kai faɗin farcen babban yatsansa ba. Gani ya kori ji.

Batun yawan dauloli kuwa, kada ki raba musu lokaci daidai wa daida. Ni nakan zauna sosai a kan Mesofotamiya da Masar, in kafa tambaya ɗaya da za ta bi mu har ƙarshen zango: me ya sa manyan birane suka fara tasowa a bakin koguna? Idan yaro ya fahimci cewa ruwan Dajla da Furat da ambaliyar Nilu sun kawo rarar hatsi, rarar ta buƙaci rumbuna da masu ƙirga, ƙirgar kuma ta haifar da rubutu a kan allunan yumɓu, to da kin kai shi birnin Mohenjo-daro na kwarin Indus ko bakin kogin Huang He na Sin, shi zai riga ki faɗin abin da za a nema.

Wata malama ta amsa:

Malam ya gama magana a kan igiya, ni kuma zan taɓa ɓangaren ƙa'idojin aji, domin a ganina darasin da kansa yana ɗauke da maganin. Ban ƙara karanta wa yara dokoki a ranar farko ba tun da na gano amfanin Hammurabi, sarkin Babila da ya yi mulki daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin miladiyya. Dokokinsa 282 ne, an sassaƙa su a jikin wani dogon baƙin dutse da aka tono a Susa ta ƙasar Iran a 1901, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faris. Nakan rubuta musu guda huɗu a allo. Ta 229 ta ce idan magini ya gina gida ya rushe ya kashe mai gidan, za a kashe maginin. Ta 196 ta ce wanda ya tsiyaye idon wani mai daraja za a tsiyaye nasa, amma ta 198 da ta 199 sun ce idan idon talaka ne ko na bawa, biyan azurfa ya wadatar. Sai in tambaye su ko wannan adalci ne, kuma ban taɓa samun ajin da bai ɗauki zafi a kan wannan bambanci ba.

Da muhawarar ta yi nisa, surutu ya fara, sai in tsayar da su in ce to ga shi mu ma muna buƙatar doka, kuma za mu rubuta tamu da salon Hammurabi, wato “idan kaza ya faru, to kaza”. Gargaɗi ɗaya zan yi miki, 'yar'uwa: kada ki bar musu yanke hukunci su kaɗai. Shekarar da na yi wannan sakaci, hukuncin da suka tsara wa wanda ya manta littafinsa sai da ya sa na ga sassaucin sarkin Babila.

Abin da muke tsayawa a kai ba ya wuce guda huɗu. Kowa ya shigo da littafin rubutunsa, ya tarar da tambaya a allo, ya amsa ta a cikin minti biyar na farko kafin in buɗe baki. Wanda zai yi magana a muhawara sai ya fara maimaita abin da na gabansa ya faɗa, wanda hakan ke tilasta musu sauraro. Ba a yi wa amsar kowa dariya, haka ma ba a yi wa mutanen da muke karantawa ba'a. Ta huɗun ita ce uwa: duk wanda ya faɗi wani abu game da zamanin da, ni ma har da ni, kowa yana da ikon tambayarsa “daga ina ka sani?” Rabin makin aikin gida a kan wannan nake ba da shi, wato ko yaro ya nuna hujjarsa, dutse ne ko kabari ko rubutun wani da ya zo daga baya.

Wani malami ya amsa:

Ina tare da Malama a kan tambayar hujja, sai dai ina da ja kaɗan. Irin waɗannan ayyuka suna cin lokaci, jarrabawa kuma ba ta daina tambayar shekaru ba, saboda haka hadda ba abar ƙi ba ce gaba ɗaya. Ni nakan zaɓi shekaru goma kacal a zango, irin su 508 kafin miladiyya da aka kafa dimokuraɗiyyar Atina, da 221 kafin miladiyya da sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar Sin, da 476 miladiyya da daular Rum ta yamma ta faɗi, in ce waɗannan dole ne, sauran kuma a neme su a igiya. Sannan ko a kan Hammurabi ya kamata yara su ji cewa masana suna saɓani a kan ko alƙalai sun yi aiki da dokokin a kotu, ko kuwa sarki ne yake nuna wa duniya adalcinsa.

Abu biyu zan ƙara. Jerin da aka ba ki ya tsallake daular Kush ta yankin Sudan, alhali sarakunanta, tun daga Piye a ƙarni na 8 kafin miladiyya, sun mulki Masar kanta, kuma dalolin da ke Sudan sun fi na Masar yawa. Darasi ɗaya ya isa a gyara wannan giɓi. Na biyu, za ki iso kan allolin Masarawa da na Girkawa, kuma wani yaro ko mahaifinsa zai tambaya. Ki faɗa tun farko cewa muna nazarin abin da mutanen suka yi imani da shi ne domin mu gane dalilin da ya sa suka gina abin da suka gina, kuma ki riƙa cewa “Masarawa sun yi imani cewa” a farkon kowace irin wannan jimla har yaran su ɗauki salon.

Sabuwar malama ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Jiya muka ɗaura igiyar, kuma awon ya cinye darasin gaba ɗaya, kamar yadda Malam na ƙarshe ya yi hasashe, amma babu wanda ya sake sa 500 a hagun 1750. Dokar hujja kuwa a kaina ta fara aiki. Ina cikin bayanin magudanan ruwa na Mohenjo-daro sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, tun da na faɗa musu har yau ba a iya karanta rubutun mutanen Indus ba, daga ina aka san sunan garin? Na gaya mata cewa sunan na mutanen yankin ne da suka zo daga baya, ba wanda mazauna birnin suka kira shi da shi ba, sai ta ce to a gyara katin da ke kan igiya. Mun ƙara masa alamar tambaya da jan biro. Mako mai zuwa za mu shiga dokokin Hammurabi, kuma hukuncin zai kasance a hannuna.