Ɗalibai sun haddace karkatar duniya amma ba su yarda da ita ba: wane gwaji za mu yi a farfajiyar makaranta?

Malamar SS1:

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da labarin ƙasa a aji ɗaya na babbar sakandare a Kano, kuma mun iso babin juyawar duniya da zagayenta ga rana. A takarda yara suna rubuta min cewa duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, suna cin maki. Amma da zarar an tambaye su da baki me ya sa ake sanyi a Disamba, sai kusan duk ajin su ce ai rana ce ta yi nisa. Littafin ma yana bayanin yanayi huɗu irin na Turai, yaran kuma bazara da damina da kaka da hunturu suka sani. Ba mu da gulob, ba mu da ɗakin gwaji. Don Allah ina neman aikin da za su yi da hannunsu, da lambobin da ya kamata su samu, don in gane idan mun kauce.

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin kowane gwaji, ki ba su lambobi biyu su yi ta juyawa a kai. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa kuma a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Ke nan a tsakiyar hunturu, lokacin da suke zuwa makaranta da rigar sanyi, a lokacin ne muka fi kusa da rana. Ki ƙara musu da cewa a wannan Disamban ake zafi a Afirka ta Kudu da Ostareliya, alhali duniya ɗaya muke, nisanmu da rana ɗaya ne. Zanen littafi yana da hannu a wannan ruɗani, domin yakan zana hanyar duniya doguwa kamar ƙwai, ita kuwa kusan da'ira ce, bambancin nisan kashi 3 ne kawai cikin 100.

Gwajin da nake ba da shawara shi ne awon inuwar zawali, wato lokacin da rana ta kai ƙololuwarta a tsakiyar yini. Kayan aiki: sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya cif daga ƙasa zuwa kai, tef na awo, alli, da zare da aka ɗaura wa ƙaramin ƙarfe a ƙasa. A nemi daɓen siminti da rana ke samu tsakiyar yini. A gwada shimfiɗarsa da faranti mai ruwa, idan ruwan ya taru gefe ɗaya a sauya wuri. A tsayar da sandar cikin gwangwani mai yashi ko a ƙusance ta a jikin katako, sannan a rataya zaren kusa da ita, a duba ta gabas, a sake dubawa ta kudu, har sai sanda da zare sun daidaita ta kowane ɓangare. Idan cikin gwangwani take, tsawon da za a lissafa daga daɓen ne zuwa kan sandar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne awo da ƙarfe 12 na agogo. Agogon Najeriya an saita shi ne kan longitud 15 gabas, Kano kuwa tana wajen 8.5, kuma kowane digiri minti huɗu ne, don haka zawali a Kano yana makara da kimanin minti 26. Ban da wannan, yana motsawa cikin shekara: wajen 12:10 a farkon Nuwamba, wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Maganin shi ne yara su fara ɗiga alli a bakin inuwar daga 11:45, duk bayan minti biyar, har ƙarfe 1:00. Ɗigon da ya fi kusa da gindin sanda shi ne na zawali, layin da ya haɗa shi da gindin kuma shi ne kudu da arewa na gaskiya.

Ga abin da ya kamata ku samu a Kano, wadda take latitud 12 arewa, da sandar mita ɗaya. Wajen 21 ga Disamba inuwa santimita 71, tana fuskantar arewa. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba santimita 21, arewa. Wajen 21 ga Yuni santimita 20, amma ta koma kudu. Sau biyu kuma, wajen 21 zuwa 22 ga Afrilu da 21 zuwa 22 ga Agusta, inuwar tana ɓacewa ƙarƙashin sandar baki ɗaya. Idan hutun Disamba ya riga ku, awon makon farko na watan zai ba da wajen santimita 68.

Don mayar da inuwa kusurwa, a raba tsawonta da tsawon sanda, a nemi tan na baya (tan⁻¹) a kalkuleta ko a teburin lissafi. 0.71 zai ba da digiri 35.4, shi kuma 0.20 zai ba da 11.3. Tunda ɗaya arewa ɗaya kudu, haɗa su ake yi, a samu 46.7, a raba biyu, kusan 23.4. Lambar da suka haddace ce za ta fito musu daga alli da siminti. Sai dai aikin yana cin zango biyu ko uku, don haka a manna babbar takarda a bangon aji, kowane mako rukuni ɗaya ya yi awo ya rubuta kwanan wata da tsawo da inda inuwar ta fuskanta. A ja musu kunne tun ranar farko cewa inuwa ake kallo, ba a ɗaga kai a kalli rana.

Tsohon Safiyo:

Bayanin Malam ya yi, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara kan daidaiton awo, domin a nan ne irin wannan aiki yake lalacewa. A sandar mita ɗaya, kuskuren santimita ɗaya a inuwa zai iya haura rabin digiri. Sanda ta karkata kaɗan, ko yaro ya riƙe tef a karkace, shi ke nan. Bakin inuwar ma ba ya fita tsaf, saboda rana tana da faɗin rabin digiri a sama, don haka ƙarshen inuwar yana dushewa a faɗin kusan santimita ɗaya. Yaro ɗaya zai ɗiga a inda baƙin ya ƙare, wani a inda dushin ya ƙare, su samu amsa daban. Idan sandar mai tsini ce abin ya fi muni, tsinin yakan narke cikin haske, inuwar ta fito gajera.

Abin da ya fi shi ne a bar sanda a yi amfani da huda. A sami guntun kwano ko kwali mai kauri, a huda shi da ƙusa, faɗin hudar ya kai na fensir, a ɗaure shi a kwance a bakin wani katako da ya fito daga tebur ko taga, tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A zura zaren mai ƙarfe ta cikin hudar har ya kusa taɓa ƙasa, a yi alama a wurin, a auna tsayin, a cire zaren. Yanzu ɗigon haske ne zai riƙa tafiya a kan daɓe, kuma tsakiyarsa ake ɗigawa. Zaren ya riga ya warware matsalar karkata. Rukuni uku su auna daban daban a ɗauki matsakaici.

Da wannan kayan za ku iya auna kewayen duniya. Eratostenis, wani masani Bagirke, ya yi shi a Masar wajen shekara 240 kafin miladiyya: a Aswan rana tana tsakar ka, a Iskandariyya kuma ta kauce da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara 830, an aika masana zuwa sararin Sinjar da ke Iraƙi ta yau suka auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. Ku abin da kuke buƙata shi ne wata makaranta a kudu da ku da za ta yi awo a rana ɗaya, kowa a zawalinsa. Makurɗi tana kan longitud kusan ɗaya da Kano, latitud 7.7, bambanci digiri 4.3, nisa a miƙe kimanin kilomita 475. Kalaba ma kusan layi ɗaya take, bambanci digiri 7, nisa kimanin kilomita 780, kusan irin kusurwar da aka samu a Masar. Lissafin: 360 a raba da bambancin kusurwa, a ninka da nisa. Amsar da ake nema tana wajen kilomita 40,000, kuma ajin da ya samu tsakanin 36,000 da 44,000 ya yi aiki mai kyau.

Abubuwa biyu ne ke ɓata amsar. Na farko, amfani da nisan titin mota, wanda ya fi nisan miƙe tsawo sosai. A auna da rula a taswirar atalas a ninka da sikeli. Na biyu, mantawa da inda inuwa ta fuskanta. Idan duka biyun arewa suke kallo, ɗebewa ake yi. Amma tsakanin farkon Afrilu da 21 ga wata, da kuma daga ƙarshen Agusta zuwa wajen 10 ga Satumba, rana tana tsakanin Kano da Kalaba, inuwar Kano arewa, ta Kalaba kudu, a nan haɗawa ake yi. Ni zan zaɓi Makurɗi a watan Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba tukuna. Ranar da hazo ya rufe gari inuwa ba ta da baki, kada a ɓata lokaci.

Malam daga Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari. Kada a gwada wannan tsakanin Kano da Damagaram ko da yake sun fi kusa kuma layinsu kusan ɗaya. Bambancin digiri 1.8 ne kacal, kuskuren santimita ɗaya zai ci kusan sulusin amsar. Mu a nan inuwa tana ɓacewa wajen 27 ga Afrilu da 16 ga Agusta.

Malama, akwai tambayar da yaro mai kaifi zai yi miki, gara ki shirya mata: idan rana tana tsakar ka a Afrilu da Agusta duka, me ya sa Afrilu ake ƙuna, Agusta kuma ake sanyin ruwa? Amsar ita ce a yankinmu tsayin rana yana aiki ne ta hanyar iska. Akwai layin da busasshiyar iskar hamada daga arewa maso gabas take haɗuwa da iska mai laima daga tekun Atilantika, kuma layin yana bin rana arewa da kudu, amma a makare, da makonni. A Afrilu rana ta iso kanmu, laimar ba ta iso da ƙarfi ba, sama fes, ƙasa busasshiya, duk zafin yana sauka, shi ne bazara. A Agusta layin ya wuce mu can arewa, gajimare ya tare hasken, wani zafin kuma ya tafi wajen busar da ruwa. A Disamba da Janairu layin ya koma kusa da gaɓar teku, iskar hamada ta mamaye mu ɗauke da ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Chadi. Sama ba gajimare ba laima, zafin yini yana tsere da dare, shi ne sanyin asuba. Idan yara suka zana watannin ruwa a ƙarƙashin jadawalin inuwarsu, za su ga makarar da idonsu.

Sannan ki jingina darasin da abin da suka riga suka sani. Zawali shi ne shigar lokacin azahar, kuma a littattafan fiƙihu da inuwar zawali ake lissafin shigar la'asar, don haka da yawa cikinsu sun ji kalmar a islamiyya. Bambancin shan ruwa tsakanin Maiduguri da Sakkwato, kimanin rabin awa, shi ne digiri 8 sau minti huɗu, irin lissafin longitud da ke fitowa a jarrabawar WAEC. Kuma ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana tsaye a kan Ka'aba. A wannan mintin, wanda ya tsaya a bakin inuwar sanda ya fuskanci gindinta, alƙibla yake fuskanta.

Malamar SS1:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ta yaya zan nuna musu cikin aji cewa karkatar haske tana rage zafi? Kuma gwajin lemu da fitila yana aiki kuwa?

Malamin Fiziks:

Yana aiki idan an rufe tagogi kuma an kiyaye abu ɗaya. A soke lemu da tsinken tsire, a zana Ikwaita da biro, a ɗiga Kano kaɗan a samanta, a sa fitila mai haska kowane gefe a tsakiyar aji daidai tsayin lemun. Yaron da ke zagayawa zai so ya riƙa juya tsinken yana bin fitila, kuma da ya yi haka darasin ya rushe. Ki manna takarda a saman bango ɗaya ki ce ita ce tauraron arewa, kan tsinken ya riƙa nuna ta a duk inda yaron ya tsaya. A gefe ɗaya na ajin arewacin lemun zai sunkuyo wa fitila, a ɗaya gefen ya kauce mata.

Na zafi kuma, a haska tocila ta cikin bututun kwali a kan takarda mai gidaje, daga tsayin santimita 30, a zagaye hasken da fensir a ƙirga gidajen. Sai a karkata takardar da digiri 35 ba tare da sauya nisan tsakiyarta ba, a sake ƙirgawa. Gidajen za su ƙaru da wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100, wannan shi ne Kano a Disamba. A karkata ta da digiri 75, hasken zai bazu kusan ninki huɗu, wannan shi ne Landan a Disamba, inda yinin ma bai cika awa takwas ba, alhali namu mafi gajarta yana wajen awa 11 da minti 25. Idan gidajen ba su ƙaru haka ba, yawanci an matso da takardar kusa da tocila wajen karkatawa, don haka a ɗaure zare mai tsawon santimita 30 daga bakin bututun zuwa tsakiyar takardar kafin a fara.