Mai gyaran shagona ya ce shi LLC ne, ba a aika masa 1099

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon kitso a Bronx, a birnin New York. A 2025 na sa wani ya gyara min famfo da wutar shagon, na biya shi dala 3,500: dala 2,400 da ceki, sauran da kati. Na nemi bayanansa don in cike 1099-NEC, takardar harajin da ake nuna kuɗin aikin da aka biya wanda ba ma'aikacinka ba, sai ya ce ai shi LLC ne, wato wani nau'in kamfani mai rajista, ba a aika wa kamfani. Ni kuwa ba na son rigima da IRS, hukumar harajin Amurka. Gaskiya ya faɗa?

Wani akanta: Wa alaikumus salam Hajiya. Sunan LLC kaɗai ba ya raba gardama, rajistar jiha ce kawai. Abin da IRS ke dubawa shi ne rukunin harajin da kamfanin yake ciki, kuma W-9, takardar da mai aiki ke rubuta bayanan harajinsa a ciki, ita ce ke nuna wannan. Ki ba shi ya cike. In shi kaɗai ne mai kamfanin kuma bai sauya rukuni ba, a wurin IRS shi da kamfanin abu ɗaya ne, dole ki aika. In na haɗin gwiwa ne, nan ma haka. In ya rubuta C ko S, wato ana masa haraji a rukunin "corporation", kin huta. Sai dai kuɗin lauya da na aikin asibiti, waɗannan ana aikawa ko da wane rukuni ne.

Wata mai gidan abinci: Yaya, kar ki haɗa da na katin. Wannan kamfanin katin ne ke kai rahotonsa a wata takardar daban, 1099-K. Naki 2,400 ne kawai, kuma ya haura dala 600, iyakar da daga ita ake aikawa a kan kuɗin 2025. Wa'adi 31 ga Janairu, kwafi ɗaya nasa, ɗaya na IRS.

Akantan: Haka ne. Kuɗin da aka biya daga 2026 kuma iyakar ta koma dala 2,000.

Wani dattijo: 'Yata, ni na taɓa sallamar mai fenti kafin in karɓi W-9, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Yanzu ba na rubuta cekin farko sai takarda ta zo hannuna. Wanda ya ƙi ba da lambarsa ta haraji, doka ta ce a cire kashi 24 cikin 100 a tura wa IRS. Da na faɗi haka suke nemo biro.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya saka. Mai gyaran ya cike W-9 ɗin da safen nan, ashe shi kaɗai ne. Gobe zan aika.