Neman shawara: sabar asusun makarantarmu tana hana shiga bayan an ɗauke wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta mai zaman kanta, kwamfutoci 32 ne. A da kowa da asusu ɗaya yake shiga, malami da ɗalibi, har ranar da tambayoyin jarrabawa suka fita kafin lokaci aka rasa wanda za a tuhuma. Shi ne na ɗora manhajar Samba a kan Ubuntu (wani nau'in Linux) ta zama mai riƙe domen, wato sabar da ke ajiye asusun kowa a wuri ɗaya tana tantance masu shiga, kowa ya samu asusunsa da kalmar sirrinsa. Yanzu abubuwa uku sun dame ni. Kwamfutoci 7 sun ƙi shiga domen ɗin sam. Duk safiyar da aka kwana babu wuta, sabbin ɗalibai ba sa iya shiga, amma wasu tsofaffi suna shiga. Sannan ta yaya zan kulle foldar malamai? Litinin za a fara gwaji, hankalina a tashe yake. Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Guda 7 ɗin nan, duba wace Windows ce a kansu. In Home ce, kada ka wahalar da kanka, ba ta shiga domen, sai Pro ko Education ko Enterprise. In kuwa Pro ce, to matsalar DNS ce, wato tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa adireshinta. Dole kowace kwamfuta ta nemi suna a wurin sabar taka, ba a wurin rauta ba, ba kuma 8.8.8.8 na Google ba.

Amsa ta biyu:
Ɗan uwa, batun safiya kuwa agogo ne, na sha wannan wahalar. Kerberos, wanda shi ke tantance mai shiga, ba ya yarda a samu tazarar fiye da minti 5 tsakanin agogon saba da na kwamfutar da ke neman shiga. Tsofaffin injinan da muke saye na hannu, yawanci ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinsu, CR2032, ya riga ya mutu. Muddin akwai wuta ba za ka gane ba. Da an ɗauke ta kwana guda sai agogo ya koma shekarun baya. Waɗanda ka ga suna shiga ba sabar ce ta karɓe su ba. Windows tana ajiye shaidar mutum 10 na ƙarshe da suka shiga a kanta, da ita take buɗe musu. Shi ya sa sabon ɗalibi ke tsayawa a waje. Sauya batirin, ka sa chrony, manhajar daidaita agogo, a sabar tare da saitin sa hannu na Samba domin sauran su riƙa karɓar lokaci daga gare ta. Ka roƙi mai makaranta ko ƙaramar inbata ce, saboda yawan mutuwar saba ba shiri yana iya lalata ma'ajiyar asusun.

Amsa ta uku:
Ni a ganina da Windows Server ka saya ka huta. Komai da linzamin kwamfuta (mouse) ake yi.

Amsa ta huɗu:
Yaya, da wane kuɗi? Bayan lasisin sabar akwai na masu amfani da ita. Samba tun sigar 4.0 ta 2012 take wannan aikin, kuma in ya sa RSAT, kayan Microsoft na sarrafa saba daga nesa, a kwamfuta ɗaya mai Pro, da linzamin zai riƙa sarrafa ta. Malam, kan folda: kada ka ba mutum izini da sunansa. Buɗe rukuni biyu, malamai da ɗalibai, da umarnin samba-tool group add, ka ba rukunin malamai izinin foldar, ka cire Everyone da Domain Users, rukunan da suka haɗa kowa, daga kanta. Gobe malami ya bar aiki, asusunsa kawai za ka rufe. Ita ma foldar ya fi kyau ta zauna a wata na'ura daban, masu Samba da kansu ba sa son a haɗa ajiyar fayil da mai riƙe domen. Kuma asusun Administrator ba na aikin yau da kullum ba ne, kada ka ba kowa, ko shugaban makaranta. Kafin ka taɓa komai yi kwafin ajiya da samba-tool domain backup, ka kwashe a filas na USB ka ajiye a gida.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na je na duba, agogon sabar ne ya koma baya, na sauya batirinta da na wasu guda 11. Cikin 7 ɗin, 5 Home ne, 2 kuwa rauta suke tambaya, na gyara sun shiga. Rukunin malamai ya zauna, na gwada da asusun ɗalibi foldar ta ƙi buɗewa. Biyar ɗin na ware su gefe sai an samu kuɗin lasisi. Wanda ya ambaci chrony, don Allah turo min layukan da ka sa a naka saitin.